Allurar goge tamoji: kada garin neman gira a rasa ido

A zangonmu na Agoè, a nan Lome, duk allurar da aka yi wa mace a fuska sunanta "botos". Wadda aka cika wa kumatu, botos ta yi. Wadda goshinta ya daina motsi, botos ta yi. Har wadda ta dawo daga tafiya da leɓe kamar zuma ta harbe ta, cewa ake yi botos ne. Alhali abubuwa ne daban-daban, aikinsu daban, haɗarinsu daban, kuɗinsu ma daban. Mu da muke gane atamfar Holanda da kwaikwayonta daga taɓa bakin turmi, bai kamata a ce abin da za a tsira mana a fuska ba mu san ko sunansa ba.

Ni 'yar kasuwa ce. Atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa, ina zuwa Dubai sau biyu ko uku a shekara, wani lokaci Istanbul. Duk mai irin wannan tafiya ta san sautu. A da turare ne, da ɗan kunne, da abaya. Yanzu sai ki buɗe WhatsApp ki ga hoton 'yar kwalba, a ƙasa an rubuta: "Don Allah Hajiya, ko guda biyu ne, akwai mai yi mana a gida." Ban taɓa karɓa ba. Da farko tsoron 'yan duwan ne ya hana ni. Dalilin da ya fi wannan ƙarfi sai ta sanadin Yaya na san shi.

Yaya ta girme ni da shekara bakwai. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya rasu bayan doguwar jinya. Da ta fita takaba ta koma shago, sai ga shi fuskar da ta shiga ɗaki da ita ba ita ta fito da ita ba. Layi biyu sun tsaya mata a tsakanin gira, masu zurfi, ko tana dariya suna nan. Kumatu sun faɗa. Masu saye su shigo su ce, "Hajiya, lafiya? Ko mun yi laifi ne?" Dilan da yake ba ta kaya bashi tun zamanin marigayi ya fara tambaya a bayan idonta ko ciwo take yi. Wanda ba ya kasuwa zai ce wannan ƙaramin abu ne. Mu mun san mai ba da bashi fuska yake kallo kafin ya kalli littafi. Ga kuma bikin 'yarta ta ƙarshe an sa shi bayan Babbar Salla.

Rannan ta ce da ni, "Auta, ke da kike yawon duniya, wanne ya fi? Wata ta ce Botox, wata ta ce Dysport ya fi saurin kamawa, wata ta ce in yi ciko kawai in huta shekara guda. Ga kuma mai zuwa gida, nata na Koriya ne, rabin kuɗi."

Na ce, "Yaya, ba ni wata ɗaya, kada ki bari kowa ya taɓa ki kafin nan."

'Yata ta biyu tana karatun aikin jinya a Akra. Ita na ɗora wa aikin, ta yi ta tambayar malamanta tana karanto mini takardun da ke cikin kwalayen magungunan. Abin da ta fara fahimtar da ni shi ne, tamoji iri biyu ne, allurar ma gida biyu ce.

Ki tsaya gaban madubi ki saki fuskarki. Sannan ki haɗe gira, ki ɗaga su sama, ki yi dariya. Layin da yake fitowa ko yake ƙara zurfi idan kin motsa, na goshi da na tsakanin gira da na gefen ido, aikin tsoka ne. Kamar zane ne da ake ninkewa a wuri ɗaya kullum har ya yi kari. Wanda kuwa yake nan ko ba ki motsa ba, irin wanda ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki, da faɗawar kumatu, wannan kitsen ƙarƙashin fata ne ya ragu, fatar ta saki, kamar matashin kai da audugarsa ta kwanta. Na farko allurar sassauta tsoka ake yi masa. Na biyu allurar ciko. In aka yi wa wannan maganin wancan, an zubar da kuɗi a banza.

Allurar sassauta tsoka guba ce, kada a ɓoye miki. Ana samun ta daga wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, irin wadda kan hayayyafa a abincin gwangwani da ya lalace. An tace ta, ana amfani da ɗan ƙanƙanin abu, ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta motsa. Tsokar ta huta, fatar da ke samanta ta miƙe. Tana fara kamawa bayan kwana biyu zuwa biyar, ta cika aiki a sati biyu. Bayan wata uku zuwa huɗu jijiyar ta farfaɗo, komai ya koma yadda yake. Asalinta ma ba don kwalliya aka yi ta ba. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ta don gyara karkatar ido, aka amince da ita a 1989. A Kanada kuma wata likitar ido, Jean Carruthers, ta lura cewa marasa lafiyar da take yi wa allurar don tsuke fatar ido, tamojin tsakanin girarsu yana ɓacewa. Ita da mijinta likitan fata suka bi diddigi. Sai a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Botox don layin tsakanin gira. Har yau ana yin ta don ciwon ɓarin kai mai naci, da yawan gumin hammata, da sandarewar gaɓa bayan shanyewar ɓarin jiki.

Sunayen da kike ji duk 'yan gida ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Botox na kamfanin Allergan ne, wanda AbbVie ya saye a 2020, shi ya fi daɗewa kuma likitoci suka fi sabawa da shi. Dysport na kamfanin Ipsen na Faransa ne, Amurka ta amince da shi a 2009. Likitoci da yawa suna cewa yakan ɗan riga kamawa, kuma ya fi bazuwa a ƙarƙashin fata, shi ya sa wasu ke son sa ga goshi mai faɗi. Amma mai ƙyan madarar shanu, wadda jikinta ke tashi idan ta sha, ba a yi mata shi. Xeomin na kamfanin Merz na Jamus ne, an cire masa sauran furotin da ke lulluɓe da gubar. Na Koriya ta Kudu ma ba na banza ba ne a asalinsu: Nabota shi ake sayarwa a Amurka da sunan Jeuveau tun 2019, Botulax kuma ya samu shiga can da sunan Letybo a 2024. Akwai wani sabo, Daxxify, na 2022, wanda kan kai wajen wata shida, sai dai in aka yi kuskure da shi, kuskuren ma zai daɗe.

A nan 'yar kasuwa ya kamata ta buɗe ido. Da yunit ake auna su, amma yunit ɗin wannan ba na wancan ba ne, kamar sefa da sidi. Layin tsakanin gira yana cin yunit 20 na Botox ko na Xeomin, a wuri biyar. Na Dysport kuwa yunit 50 yake ci. Saboda haka in aka ce miki yunit ɗin Dysport rabin kuɗin na Botox ne, ki yi lissafi tukuna kafin ki yi murna. Ki tambayi kuɗin wurin gaba ɗaya, da sunan maganin, da yunit nawa za a sa. Wadda ta ce miki "sirinji ɗaya" ba ta gaya miki komai ba, domin maganin a bushe yake zuwa, da ruwan gishiri na asibiti ake dama shi. Mai son zuciya za ta iya tsinka shi kamar nonon da aka yi wa algus, sirinji ya cika, aiki ya ƙare a sati huɗu.

Ga dalilin da ya sa sautun nan ba abin karɓa ba ne. Botox da Dysport a firiji suke zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga kamfani har hannun likita. Ki lissafa: daga shago a Dera zuwa ɗakin otal, zuwa awon kaya, zuwa sauka a Adis Ababa, zuwa layin duwan, zuwa bayan mota a ranar Lome. Xeomin ne ake cewa ba ya buƙatar firiji kafin a buɗe shi, amma iyakarsa digiri 25, wanda a Yamai ko Injamena ko nan bakin teku sai dai a ɗaki mai na'urar sanyi. Wannan idan kwalbar ta gaskiya ce ke nan. Jabun ya fi muni, domin ba wanda ya san yawan gubar da ke ciki. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun bi sawun mata a jihohi da dama da suka kwanta asibiti bayan an yi musu allurar jabu, ko an yi musu a gida da wuraren kwalliya. Ɗaya daga cikin alamun da aka bayyana shi ne kwali mai rubutun yunit 150, alhali kamfanin Botox ba ya yin irin wannan kwalba. A 2023 kuma mutane da yawa, har da waɗanda suka je daga Jamus, sun kamu da gubar bayan an yi musu ita a tumbi don rage ƙiba a Turkiyya. In haka ta faru a ƙasashen da ake sa ido, ina ga kwalbar da aka saya a wani lungu a Gwanzu aka cusa cikin dilar mayafai? In abin ya ɓaci, ba za a ce mai shago ba ce, za a ce Hajiya wance ce ta kawo.

Allurar ciko, wadda Yaya ta fi karkata gare ta saboda tana daɗewa, ita ta fi ba ni tsoro da na san ta. Yawancinta wani abu ne mai yauƙi da ake kira hayaluronik asid, wanda jikinmu ma yana da irinsa, yana riƙe ruwa. Restylane da Juvéderm su ne manyan sunaye, na farko ya samu amincewa a Amurka a 2003, na biyu a 2006. Ana ganin aikinsa nan take, yakan yi wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, ya danganta da iri da wurin da aka sa. Sirinji ɗaya mil ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Kyansa shi ne yana da makari: akwai allurar hayaluronides da ke narkar da shi in an yi kuskure. Radiesse da Sculptra kuwa sun fi daɗewa, amma ba su da irin wannan makarin, in sun shiga sai haƙuri. Ruwan silikon da wasu ke ɗurawa da sunan "na dindindin", wannan ki guje shi ko kyauta ne, yana iya yin ƙullutu bayan shekaru, kuma fitar da shi sai da wuƙar likita, ita ma ba lallai ta kwashe duka ba.

Babban haɗarin ciko shi ne ya faɗa cikin jijiyar jini ya toshe ta. Fatar wurin tana iya mutuwa. In kuma jijiyar mai haɗuwa da ta ido ce, ido yana iya tafiya cikin mintuna, kuma da wuya ya dawo. Ba ya faruwa da yawa, amma ya faru ga mutane a ƙasashe daban-daban. Wuraren da aka fi jin tsoro su ne hanci da tsakanin gira. To tsakanin girar nan shi ne daidai inda Yaya take so a cika mata. Da 'yata ta karanto mini wannan, sai na ce ashe karin maganar nan ta gira da ido ba wasa Bahaushe ya yi ba. Ƙari a kan haka, alamar farko ta toshewar jini ita ce fata ta yi fari ko ta yi dabbare-dabbare, kuma a baƙar fata irin tamu ganin wannan sai wanda ya saba da ita.

Wannan ya kawo ni ga zaɓen hannu. Mu matafiya mun saba cusa komai cikin kwana bakwai: saro, awo, kago, sannan ana gobe tashi a leƙa wurin gyaran fuska. Amma ita allurar tsoka sai bayan sati biyu ake komawa a duba ko gira ɗaya ta fi ɗaya hawa. Ciko kuma in zai kawo matsala, yawanci a sa'o'in farko ko kwanakin farko ne, lokacin kina cikin jirgi ko kin riga kin sauka gida. Akwai ƙwararrun likitoci a Dubai da Istanbul, ba musu. Sai dai likitan da ba za ki iya komawa wurinsa ba, rabin likita ne a gare ki. Muka yanke shawarar neman likitan fata a Akra, tafiyar sa'o'i kaɗan ta iyakar Aflawo, kuma ga 'yata a garin. Ta duba mana sunanta a rajistar majalisar likitoci ta Gana kafin mu tashi. A Najeriya ma akwai irin wannan majalisa, a ƙasashenmu masu Faransanci kuma ƙungiyar likitoci ta ƙasa ke riƙe da rajista. Maganin shi ma ana tambayar rajistarsa, ta NAFDAC a Najeriya ko ta hukumar abinci da magunguna a Gana.

Kafin tafiya sai da Yaya ta kai maganar gaban malaminmu na Islamiyya, domin zuciyarta ba ta kwanta ba. Ya gaya mata gaskiya cewa akwai saɓani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta yanke cewa ba a kawar da tamoji da tiyata ko allura sai in ya zama na cuta, kuma da sharaɗin ba cutarwa. Akwai kuma malaman da suka sassauta, suna ganin abin da ba ya dawwama, ba ya cutarwa, ba a kuma yi shi don a yaudari mai neman aure ba, ya fi kusa da ado. Mun kuma gaya masa abin da ba kowa ya sani ba, cewa Botox da Dysport da Xeomin duk akwai ɗan furotin da aka tace daga jinin ɗan Adam a cikinsu, don ya yi magana da cikakken sani. Duk mai niyya ta kai wa malaminta bayanin duka, ba rabin da zai ba ta amsar da take so ba. Yaya ta yi sati biyu tana juya abin. Daga baya ta ce za ta je a duba ta, in ya so ta yanke a can.

Likitar ba ta ɗauko allura ba a zuwan farko. Tambayoyi ta yi ta jerowa, 'yata tana fassara. Akwai ciki ko shayarwa? Masu waɗannan ba a yi musu. Akwai ciwon raunin tsoka, irin mai sa fatar ido faɗuwa da yamma? Ana yi mata allurar jentamaisin? Wannan ya ba ni mamaki, domin allura ce da ake yi barkatai a kemis, ashe tana ƙara wa gubar ƙarfi. Tana shan asfirin ko maganin tsinka jini? Jikinta yana yin tabo mai tasowa, irin wanda kan fito a kunne bayan huji? Sannan ta ce a zazzage mata duk man da Yaya ke shafawa. A cikinsu ta ware wani haɗi da aka ba ta a kasuwa wai don ta "washe" bayan takaba, ta ce akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Ta ce baƙar fata tana da kariyar da ke jinkirta tamoji, mun fi Turawa daɗewa kafin mu yanƙwane, amma man bilicin yana cinye kaurin fatar ya miƙa ta ga rana, ya jawo tsufan da ake gudu. Ba banza ba Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016. Ta tsara mata yadda za ta janye shi a hankali, domin yanke shi rana ɗaya yana sa fuska ta yi bore.

Da aka zo kan kumatu, sai ta tambayi nauyin Yaya kafin jinyar mijinta da na yanzu. Ta auna jini da suga. Ta ce, "Mama, wannan ba na allura ba ne tukuna. Ki ci abinci, ki yi barci, mu ga wata uku." Tsakanin gira kuma ta ce ba ta sa ciko a nan, ko nawa za a biya ta. Allurar tsoka ita ce ta wurin, kuma ta faɗa tun kafin a yi cewa layin ya riga ya yi kari, zai yi laushi amma ba zai goge duka ba.

Yaya ta ce, "To wanne zan zaɓa, Botox ko Dysport?"

Ta ce duka biyun tana da su, duka masu rajista ne, kuma bambancinsu bai kai bambancin hannun mai yi ba. Ga ƙaramin wuri kusa da ido, kuma karon farko, ta fi son Botox domin shi hannunta ya fi sabawa da awonsa. Ta ƙara da cewa a yi shi aƙalla sati shida kafin biki. Dalili kuwa, wani lokaci maganin yakan zarce zuwa tsokar da ke ɗaga fatar ido, ido ɗaya ya rufe rabi, ya yi makonni kafin ya saki. Ba mai son shiga hoton bikin 'yarta da ido ɗaya a lumshe.

Mun koma da sassafe, da gangan, domin likitoci sukan ce kada a kwanta, kada a danna wurin, kada a yi ta sunkuyo har wajen sa'a huɗu. Mai salla ta lissafa wannan: in an yi da ƙarfe takwas, kafin Azahar an fita lokacin, ki kai goshi ƙasa hankali kwance. Ta ɗauko kwalin daga firiji a gabanmu, ta nuna mana ranar daina aikinsa da lambarsa, 'yata ta ɗauki hoto. Kwalbar kamar ba komai a ciki, ashe haka ta gaskiya take, ɗan farin abu ne kawai a gindinta. Tsira biyar, ba a yi minti goma ba. Wuri ɗaya ya ɗan yi duhu na 'yan kwanaki.

A kwana na huɗu Yaya ta kira ni tana dariya, wai tana so ta harari yaron shago ta kasa. Da muka koma a sati na biyu, likitar ta ce ba a buƙatar ƙari. Layin nan biyu suna nan, amma kamar an zana su da fensir maimakon wuƙa. Ba wanda ya ce ta koma yarinya, ba ta kuwa koma ba. Cewa aka riƙa yi, "Hajiya, kin huta." Kumatun kuwa tuwo da barci ne suka mayar da rabinsu. Aka yi biki lafiya. Wajen wata na huɗu gira ta fara motsi, layin ya fara dawowa, kamar yadda aka gaya mana.

A nan lissafi na biyu ya taso, wanda masu talla ba sa yi miki. Abin nan ba saye ɗaya ba ne, haya ce. Mai son ya dawwama sai ta yi sau uku a shekara, kuma ba a matsa shi ƙasa da wata uku-uku, domin yawan yi kusa-kusa yana iya sa jiki ya daina jin maganin. Ki ninka kuɗin sau uku, ki ɗora na mota da na masauki, ki ajiye shi kusa da kuɗin makarantar yara da adashin da kike zubi. Yaya ta yi wannan lissafin a bayan littafin shago. Har yanzu ba ta koma ba, ba ta kuma ce ta daina ba. Ta ce in aka sa bikin ɗanta za ta sake tunani.

Ni kuwa nawa goshin ya fara layi, ina ganinsa kullum in zan ɗaura ɗankwali. Na zaɓi in bar shi. Maganar majalisar malaman nan ta fi kwanta mini, kuma fuskata ba ta hana ni ciniki ba. Abin da na ɗauka daga wurin likitar shi ne man kariya daga rana, wanda ta ce baƙar fata ma tana buƙata, musamman mu masu wuni a bakin shago, da lema in zan ratsa kasuwa da tsakar rana. Ni da Yaya ba mu yi jayayya a kan wannan ba. Ita ta san abin da ta gani a idon masu ba ta bashi, ni ban tsaya a inda ta tsaya ba.

Magana ta ƙarshe ta maigida ce da 'ya'ya, domin mata da yawa a ɓoye suke yi, kuma ɓoyewar ce ke jawo jinkiri. In mace ta yi allurar tsoka, bayan sa'o'i ko kwanaki ko ma makonni ta fara ganin abu biyu-biyu, ko muryarta ta shaƙe, ko haɗiya ta gagare ta, ko numfashi ya yi nauyi, ko gaɓoɓinta suka saki, gubar ce ta bazu. In ciko ne aka yi, ta ji zafi mai tsanani, ko launin wurin ya sauya, ko gani ya dushe, jini ne ya toshe. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na "bari mu ga safiya" ba ne, ba kuma lokacin faɗa ba ne. A kai ta babban asibiti nan take, a gaya wa likita ainihin abin da aka yi da sunan maganin, a nuna masa hoton kwalin in akwai. Faɗan ya jira ta warke.

Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya sa a ga tamojinmu a bikin jikoki.